Cinikin Gyaɗa da Bashinsa a Ƙasar Kano Zamanin Turawa

 Nufin wannan jawabi shi ne ya tuna muku da sha'anin ciniki a Kano zamanin Turawa, watau daga 1903, shekarar da suka ci birni, har 1960, shekarar da suka miƙa mulki. In an tayar da wannan zance, galibi abu biyu mutane su kan ambata, jirgin ƙasa da dalar gyaɗa. To, akwai na uku wanda ba a faye faɗinsa ba, shi ne bashi. Bisa bashi aka gina cinikin nan tun daga kantin Bature har bukkar manomi, in kuwa ya rikice gaban alƙali a kan kai shi, akawu ya rubuta. Sabo da haka labarin nan bai fita daga aikin En'e ba ko kaɗan.

Don a gane zancen sosai, sai a dube shi daga wuri guda, watau yankin Daurawa da Tarauni da Gyaɗi-Gyaɗi. Yau unguwanni ne cikin ƙaramar hukumar Tarauni, gida bayan gida, kanti bayan kanti, motoci na kai da kawowa bisa hanyar Zariya da ta Maiduguri. A wancan zamani kuwa duk wajen karkara ne a bayan ganuwa, kudu maso gabas da birni, gonaki da 'yan ƙauyuka. Manoman da ke kewaye da Kano sun daɗe da sanin kasuwa. Da rani su kan kora jakuna su kai itace da kara birni, su komo da taki cikin mangala, don haka gona ba ta hutawa kuma ba ta gajiya. Mutumin da ya saba da irin wannan zirga-zirga ba ya bukatar a koya masa lissafin riba.

Turawa ba su tarad da Kano tana barci ba. Kasuwar Kurmi tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa ta ke ci, shi kuwa ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Baturen nan matafiyi, Barth, wanda a ke kira Abdulkarim, ya sauka Kano a 1851, ya ƙiyasta tufafin da a ke fitarwa daga cikinta ko wace shekara sun kai na wuri miliyan 300. Turkuɗin Kura har cikin Sahara a ke neman sa. Larabawan Gadamas da Turabulus suna zaune a birni, suna aika fata da gashin jimina da hauren giwa arewa bisa raƙuma. Asbinawa na kawo gishirin Bilma. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari na tafiya Gwanja, su kai kanwa da tufafi, su komo da goro.

Duk wannan fatauci kuwa ba da kuɗi hannu a ke yinsa ba. Wuri kaya ne mai nauyi, keso guda na zambar ashirin ya ishi ƙato ɗauka. Sai attajiri ya ba yaronsa kaya bisa amana, yaro ya bi madugu, ya yi wata da watanni bai komo ba, sa'an nan a zauna a yi lissafi. Fatoma ya sauki baƙo, ya adana dukiyarsa, ya tsaya masa lamuni. Dillali ya haɗa mai saye da mai sayarwa ya karɓi la'adarsa. Ba takarda, ba sa hannu, sai sanin asali da tsoron kunya. Wanda ya ci amana sau ɗaya, labarinsa ya riga shi isa ko wane zango. Wannan tsari shi ne jarin da Kano ta ke da shi, kuma shi kamfanonin Turawa suka zo suka hau.

A watan Fabrairu na 1903 sojan Ingila suka shiga Kano, aka naɗa Muhammadu Abbas sarki. Da farko Gwamna Lugga ya sa wa ayari kuɗin fito a hanya, fatake suka yi ta kuka da shi, har aka soke shi a 1907. A 1904 aka hana shigo da wuri, aka soma watsa kuɗin ƙarfe: fam guda sule 20, sule kwabo 12, kwabo anini 10. Sannu a hankali aka tsananta sai da kuɗin nan za a biya haraji. Cikin zamanin Sarki Abbas ɗin aka kafa Baitulmali, aka yanka wa sarki da hakimai da alƙalai albashi. A 1909 kuma Ɗan Hausa ya buɗe makaranta a Nasarawa, maƙwabciyar wannan yanki, inda aka koyar da waɗansu daga cikin malaman En'e na farko karatun boko da lissafi. Tun daga nan ya zama dole ko wane magidanci ya nemi abin da zai sayar ya sami sule, ko yana so ko ba ya so. Kasuwa, a kai miki dole.

Hanyar jirgi daga Baro ta iso Kano a 1911, aka buɗe ta ga 'yan kasuwa a 1912, aka kuma haɗa ta da ta Ikko, tafiyar mil 700 ko kusa da haka. Abin da Turawa suka sa rai da shi auduga ce, domin masaƙun Ingila na bukatarta, har ƙungiyarsu ta masu neman auduga ta kafa injin gurza a Zariya. Amma kwabo guda su ke biya ko wace laba, masaƙan Kano kuwa na biyan abin da ya fi haka, don haka audugar ta tsaya gida. Sai ga shi a Turai an gano hanyar daskarar da man gyaɗa a yi abin shafa wa burodi da shi, masu injuna suka shiga neman gyaɗa ido rufe. Manomin Kano ya duba ya ga gyaɗa na son jigawa, tana zama tare da gero a gona guda, harawarta abincin dabba ce, in kasuwa ta ƙi kuwa mata su yi mai da ƙuli-ƙuli a ci. Ba wanda ya umurce shi, shi ya zaɓa da kansa. Gyaɗar da Nijeriya ta fitar a 1912 wajen tan 2,500 ce, a 1913 ta haura tan 19,000, har buhuna suka rasa wurin ajiya a tasha.

To, yaya aka yi labari ya kai ƙauyuka da sauri haka? Baturen kanti bai san hanyar Daurawa ba, balle ta Bici ko Gaya, ba ya kuma jin Hausar da zai yi ciniki da ita. Kamfanoni irin su Neja da John Holt da kamfanin Faransa na CFAO sai suka nemi fataken goro, waɗanda ke da yara a ko wane gari. Cikin na farko akwai Umaru Sharubutu na Koki da Maikano Agogo. Alhasan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, ya riga ya yi suna wajen kawo goro daga ƙasar Asante ta teku zuwa Ikko, a 1918 ya soma saya wa kamfanin Neja gyaɗa, har ya zo ya fi kowa. Labari ya shahara cewa a 1929 ya kai wa banki kuɗin azurfa kayan raƙumi 20. Bayan Hausawa kuma ga Kwarori, watau mutanen Sham da Labanan, da suka zauna a Fagge, su ma suna saye.

Ga yadda sarƙar ta ke. Kamfani ya ba attajiri kuɗi da kaya, akoko da alawayyo da gishiri, tun kaka ba ta yi ba. Attajiri ya rarraba wa yaransa. Yara su fita ƙauye su ba 'yan baranda, ko su ba manoma kai tsaye, bisa alkawarin gyaɗa in an cire. Da kaka mata su sussuke ta a turmi, a zuba a buhu, a ɗora wa jaki ko raƙumi, a kai sikeli. Ko wane mutum cikin sarƙar nan ana binsa, shi ma yana bin wani. Gaskiyar Hausawa da suka ce bashi hanji ne, yana cikin kowa.

Sai a ɗauki misalin magidanci guda a Daurawa, ba sai an sa masa suna ba, don irinsa dubbai ne. Marka ta yi, rumbu ya yi ƙasa, gero bai nuna ba, ga iyali. Ya tafi wurin mai sayen gyaɗa ya karɓi 'yan sulalla, ko ya ci falle, watau ya ari dami guda ya biya biyu da kaka. Ranar da ya karɓa ba shi da bakin yin ciniki, abin da aka yanka masa shi zai ɗauka. Da kaka kuma ga mai unguwa da takardar haraji, daidai lokacin da kowa ke sayarwa, gyaɗa ta yi araha. Ko da wani sikeli ya fi tsada bai isa ya kai can ba, domin kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Sa'ar da mutumin Daurawa ya ke da ita guda ce, kusa ya ke da tasha. In bai ci bashin kowa ba, da hantsi ya isa wurin awo da jakinsa, ya zaga ya ji farashi, ya sayar inda ya ga dama. Na nesa kuwa sai abin da ɗan baranda ya faɗa masa.

A bakin sikeli ma akwai magana. Manomi bai san laba ba, bai san tan ba, mudu da tiya ya sani. Akawun sikeli marar tsoron Allah ya kan karanta abin da ya so, ya zabge nauyin buhu fiye da ƙima. Su ma masu kawowa ba duka ne tsarkaka ba, akwai mai zuba yashi da tsakuwa, akwai mai yayyafa ruwa don ta yi nauyi. Wannan ya sa aka kafa ma'aikatan duba amfanin gona, aka kuma ƙayyade wuraren saye da ranar buɗe ciniki. Can sama kuma manyan kamfanoni su kan haɗa baki su yanke farashi guda don kada su yi ta tsere. A 1920 kamfanin Lever ya saye kamfanin Neja, a 1929 aka haɗa shi da wani babban kamfani aka sami UAC, masu saye suka ƙara raguwa, ƙarfinsu ya ƙaru.

In alkawari ya tashi, sai a nufi alƙali. Shari'a ba ta hana a biya kuɗi yau a karɓi kaya gobe ba, malamai na kiran wannan ciniki salam, amma da sharaɗi: a san irin kayan, a san yawansu, a san ranar bayarwa, a kuma biya kuɗin tun farko. Ruwa bisa bashi kuwa haramun ne. Alƙalan Kano da Risala da Muhtasar da Tuhfa su ke hukunci. Mai da'awa ya kawo shaidu, wanda ya yi musu a ɗora masa rantsuwa. Wahalar ita ce galibin basussukan nan a zaure aka ƙulla su, ko a gindin itace, daga mai ba da kuɗi sai mai karɓa. Wannan ya ce buhu biyu ne, wancan ya ce ɗaya da rabi. Ga shi kuwa ayar da ta fi ko wace aya tsawo a Alƙur'ani bisa rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka.

A nan aikin malamin kotu ya ke. Shi zai rubuta sunan mai ƙara da na wanda a ke ƙara, da adadin kuɗi, da abin da shaidu suka faɗa, da hukunci, da wa'adin biya, ya ba da rasit na kuɗin da aka karɓa. In an ɗaukaka ƙara zuwa ga Alƙalin Kano ko majalisar Sarki, ko Di'o ya zo duba littafi, abin da alƙalamin nan ya rubuta shi za a gani. Sifiri guda in ya ƙaru ko ya ragu, gonar wani ta tafi jingina. Littattafan shari'ar majalisar Sarki Abbas na 1913 da 1914, waɗanda aka rubuta da Larabci, sun wanzu, har an juya waɗansu da Turanci an buga. Malaman da suka rubuta su ba su san za a karanta bayan shekaru masu yawa ba, aikinsu kawai suka yi. Don a sami irinsu da yawa aka buɗe makarantar shari'a ta Shahuci a 1928, da makarantar koyon alƙalanci ta Kano a 1934, zamanin Sarki Abdullahi Bayero.

Amma fa ikon alƙali yana da iyaka, kuma ya kamata a faɗe ta. Bature da Kwara ba su gurfana gabansa, shari'arsu na kotun Turawa. Watau alƙali na iya tilasta wa manomi ya biya ɗan baranda, ya tilasta wa ɗan baranda ya biya attajiri, amma wanda ya yanke farashin tun daga sama ya fi ƙarfin sammacinsa. Don haka in asara ta taso daga Turai, gangarowa ta kan yi mataki mataki har ta tsaya kan wanda ba shi da na ƙasa da shi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

An ga haka ba sau ɗaya ba. Damina ta ƙi a 1913, a 1914 aka yi yunwar nan da a ke kira Ƙaƙalaba, mutane da yawa suka mutu a ƙasar Kano, sa'an nan ga yaƙin duniya na farko ya tare hanyar kasuwar Jamus. A 1927 aka sake wata yunwar, 'Yar Buhu. Daga 1929 kuma ciniki ya faɗi a duniya duka, gyaɗa ta karye har kuɗin tan guda bai kai rabin na da ba, haraji kuwa bai sauka daidai da ita ba. Magidanci ya ninka noma don ya sami kuɗin da ya saba samu, da rani ya tafi cin rani, waɗansu har haƙar kuza a Jos. Masaƙa da marina su ma sun ji jiki da yadin kanti mai araha, ko da ya ke sana'arsu ba ta mutu ba, karofin Ƙofar Mata shaida ne. Ayarin Turabulus kuwa jirgi ya kashe shi, domin kayan Larabawa sun koma bin teku ta Ikko.

Kada a manta ita kanta En'e da wannan ciniki ta rayu. Harajin da a ke tarawa raba shi a ke yi tsakanin Gwamnati da Baitulmali, da farko rabi da rabi. Daga rabon Baitulmali a ke biyan hakimi da alƙali da malamin haraji da ɗan doka, daga nan aka gina asibitin birni da makarantu, aka jawo ruwan famfo daga Calawa tare da wutar lantarki a 1931. Ko wane sule da ya shiga aljihun ma'aikaci ranar albashi, in an bi sawunsa, sai a tarad da shi ya fito daga buhun wani manomi. Da ruwan ciki a kan ja na rijiya.

Yaƙin duniya na biyu ya sake fasalin abin. Gwamnati ta karɓe sayen gyaɗa, ita ke yanke farashi, kamfanoni suka zama wakilanta. A 1949 aka kafa hukumar cinikin gyaɗa ta Nijeriya, a 1954 ta Jihar Arewa ta gaje ta. Manomi ya huta da hawa da saukar farashi cikin kaka guda, amma abin da a ke biyansa bai kai na kasuwar duniya ba, rarar tana hannun hukuma. Dalar gyaɗa da a ke alfahari da ita, asalinta ƙarancin taragu ne: jirgi ya kasa kwashe abin da aka saya, sai aka riƙa jera buhuna a fili, dala guda ta kan ci buhu wajen 15,000, waɗansu su shekara suna jiran jirgi, ƙwari na ci. Ɗantata ya rasu a 1955, gidansa ya ci gaba da ciniki. Daga baya man fetur ya janye hankalin hukuma, fari ya zo a farkon shekarun 1970, cutar gyaɗa ta 1975 ta ƙarasa abin da ya rage. A 1976 aka rushe tsarin En'e aka kafa ƙananan hukumomi, a 1986 aka soke hukumomin ciniki. Birni kuma ya miƙe ya haɗiye gonakin Daurawa da Tarauni da Gyaɗi-Gyaɗi.

Abin da ya kamata ma'aikaci ya riƙe daga wannan tarihi a fili ya ke. Kamfani na da lauyansa, attajiri na da yaransa da littafinsa, manomi kuwa ba shi da kowa sai ma'aikacin da ke zaune bakin sikeli, ko bakin teburin haraji, ko gefen buzun alƙali. In ma'aikacin nan ya karanta awo daidai, ya rubuta adadi daidai, ya ba da rasit ba tare da an roƙe shi ba, talaka ya koma gida da haƙƙinsa ko da kaɗan ne. In ya karkata, ba wanda zai gani a ranar, amma gida guda ya kwana da yunwa. Cikin ma'aikatan En'e an sami masu gaskiya an kuma sami waɗanda suka kasa, kamar ko wace ƙungiya ta 'yan Adam. Waɗanda a ke taruwa don tunawa da su, na farkon ne.

Har yanzu bashi bai bar kasuwa ba. A Kantin Kwari da Dawanau da kasuwar Tarauni ana ba da kaya bisa amana safe da yamma, in an saɓa kuma a nufi kotu, har akwai titi a Gyaɗi-Gyaɗi da a ke kira da sunan kotu. Wanda duk aka ba alƙalami a irin wuraren nan, ya san kujerar waɗancan malamai ya hau, abin da aka nema gare su shi a ke nema gare shi. Allah ya jiƙan magabata, ya yafe musu kurakuransu, ya ba na baya ikon riƙe amana, ya ƙara wa Kano albarka da zaman lafiya, amin. Iyakar jawabi ke nan. Wasalam.